Taku Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ka taɓa ƙirga minti nawa taku ɗari huɗu da sha biyu zai ci maka? Ni na ƙirga, har sau tara. In ina sauri minti huɗu ne, in da kaya a kaina biyar da rabi. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Bari in fara gaya maka ko wane ne Kawu Tongsa.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ne gwanin haɗa roka a ƙauyenmu, Ban Palan, da ke bakin kogin da ya raba ƙasarmu da ta maƙwabta. Kowace shekara gab da damina mukan harba rokokin gora sama, mu tuna wa Sarkin Sama cewa fadamun shinkafa sun tsattsage. Kawu yana ɗan shekara sha ɗaya aka kai shi haikali aka aske masa kai. Shekara shida ya yi a can. Karatun sufaye bai zauna masa ba, amma tsohon sufin da ke dakan albarushi bai taɓa nuna masa abu sau biyu ba. Ya fito da sana'a a hannu da yatsu tara. Kafin in yi wayo sun koma takwas.

Gishirin albarushinsa daga kashin jemage yake tacewa, gawayinsa shi ke ƙonawa da kansa, ya dandaƙa su cikin bututu awo bayan awo. Amma ya ce duk wannan ko wawa zai iya. Ran roka yana wutsiyarta, wato doguwar gorar da ake ɗaura mata don ta miƙe a sama. Tasa taku sha huɗu ce, kuma shekara talatin da ɗaya a wuri guda yake saro ta, a ƙetaren kogi, bayan ƙauyen Ban Sida, inda gora ke tashi sak kamar an ja ta da zare. A Ban Sida ɗin ma 'yarsa tilo, Duangta, take aure. Harshenmu ɗaya da mutanen can, kwandon shinkafarmu iri ɗaya, matattunmu ma da waƙa ɗaya muke raka su. Tuta ce kawai ta bambanta.

Ni kuwa, Wanpeng, injin casar shinkafa nake da shi, amma ranar biki ni ke riƙe agogo. Daga tashin roka zuwa faɗuwarta nake ƙirgawa, in rubuta a littafi. Kawu ya taɓa yin daƙiƙa ɗari biyu da tamanin da takwas. Abokin hamayyarsa Bunhiang, wanda tare aka aske musu kai a haikali, bai taɓa wuce ɗari biyu da sittin da ɗaya ba, kuma bai taɓa yafe wannan ba.

A shekarar da nake ba ka labari, manyan ƙasashen biyu suka fara cacar baki a kan wani tsibirin yashi da ke fitowa tsakiyar kogi da rani. Na san shi, na auna shi: taku casa'in a tsaye, talatin a kwance, ba ya fid da komai sai kankana. Aka rufe mashiga. Aka kwashe tsofaffin sojojin da muka saba da su a gaɓa biyun, aka kawo sababbi daga nesa. Kawu bai samu ƙetarawa saran gora ba. Dole ya sari ta bayan haikalinmu, mai ɗan doro. Mako uku yana gasa ta a wuta yana miƙar da ita. Da ya gama ya yanke gindinta kamu biyu ya jefa ƙarƙashin gida.

Na ja zare daga kai zuwa gindi, na ce, "Kawu, har yanzu akwai doron yatsa biyu."

Ya ce, "Ke dai, 'yar nan, ko gashin ɓauna aka ba ki sai kin ƙirga. Idonki ne ya karkace."

Bunhiang yana tsugune yana cin kwaɗon gwanda, ya ce, "Bar shi, 'yata. Gorar ta ɗauko bayan mai ita ne. Bana kam sai na ga ƙeyarsa cikin taɓo."

"Ka tanadi sabulu dai, tsohon kwaɗo. Sau nawa aka jefa ka, Wanpeng?"

"Sau bakwai, Kawu."

"Ni fa?"

"Ko ɗaya."

Al'adarmu ce, wanda duk rokarsa ta ba da kunya a ɗauke shi cak a jefa a kwatamin taɓo.

A taron shirin biki wata tsohuwa ta tambaya ko za a aika wa sojojin ƙetare cewa ranar Lahadi za a yi harbi. Mai gari ya yi dariya ya ce, "Inna, akwai ɗan Adam a ƙarƙashin sama da bai san wata na shida ana harba roka ba? Sai mu aika wa kifi cewa kogi na da ruwa." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Bai zo wa kowa a rai ba cewa yaran da aka zuba a wancan sansanin daga garuruwan bakin teku suka zo, inda ba a taɓa jin wannan biki ba.

Ranar Lahadi da safe aka yi yayyafi. Mutane suka yi ta murna, wai Sarkin Sama ya amsa tun kafin a kira. Gora kuwa ta sha danshi, ta tuna da halinta.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin aka cire wa rokar Kawu kan macijin katako da ake mata ado da shi, aka haura da ita dandamali. Ya sa an rubuta mata suna a jiki da jan fenti kamar kullum, sunan 'yarsa. Aka kunna. Ta tashi da ruri, ta yi sama kamar tsawon giginya goma, sai ta sunkuyar da kai ta miƙi gabas, ta haye kogi tana jan farin hayaƙi. Na danna agogo da muka ji ta fashe a ƙetare. Daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Filin ya ɗauki ihu. Bunhiang ya jefar da hularsa sama.

"Shekara talatin ina jiran yau! Ku kamo mini shi! Ku riƙe ƙafar sosai, tsohon nan wayon kifi gare shi!"

Mutum shida suka ɗauki Kawu, ana kiɗa ana guɗa, maza sanye da zannuwan matansu suna rawa kamar yadda ake yi ranar biki. Suka zaga fili da shi sau biyu. Shi ma dariya yake, yana zagin kakannin Bunhiang. Suka yi lilo da shi, ɗaya, biyu, uku, suka sake shi tsakiyar kwatami, ya nutse har ka. Agogo biyu nake riƙewa, ban kashe na biyun ba, don haka na san minti sha ɗaya ne cif tsakanin faɗuwar rokar da abin da ya biyo baya.

Wani fito na ji a sama, mai kama da yagewar sabon yadi. Sai ƙasa ta daka tsalle ta buge ni a fuska.

Da na ɗago, bakin kwatamin babu kowa a tsaye. Mutum shidan nan da suka jefa shi suna warwatse. Bunhiang yana zaune ya jingina da turken dandamali, hannuwansa biyu a kan cikinsa yana ƙoƙarin mayar da abin da ke zubowa, bakinsa a buɗe da sauran dariyar da bai gama ba. Mai ganga ya rasa kai, gangar na rataye a kafaɗarsa. Wata ƙafa sanye da takalmin roba tana tsaye ita kaɗai cikin laka. Harsashin igwa na biyu ya faɗa rumfar masu abinci, tukunyar miya ta tashi sama tare da matar da ke juya ta. Na uku ya sami matakalar haikali inda tsofaffi ke zaune. Mutane suka yi ta gudu suna tattake juna, wata uwa tana jan ɗanta da hannu ɗaya ba ta lura ba ya riga ya mutu.

Kawu ya taso daga taɓo, baƙi ƙirin, ko ƙwarzane babu. Taɓon da aka jefa shi don kunya shi ya rufe shi. Ya rarrafa wurin Bunhiang.

"Tashi, kwaɗo. Tashi mu tafi."

"Na dai gan ka a ciki," in ji Bunhiang. "Wanpeng, rubuta. Sau ɗaya."

Daga nan ya cika.

Harsashi goma sha tara suka faɗo kafin azahar. Gawa ashirin da uku muka jera a zauren haikali. Da la'asar igwoyin ƙasarmu suka iso bayan tudu, suka fara mayar da martani. Daga bakin ramin da muka ɓuya muna hango inda suke sauka. A Ban Sida suke sauka.

Kwana biyu muna cikin ramuka muna cin busasshiyar shinkafa, rediyo a kunne. Tasharmu ta ce maƙwabta sun kai hari kan fararen hula, don haka ƙasarmu tana kare kanta bisa dokar duniya. Na murɗa zuwa tashar ƙetare. Su ma suka ce an harbo wa sansaninsu makamin roka, don haka suna kare kansu bisa dokar duniya. Kalma ɗaya, har lambar sashen ɗaya. Daga baya na nemi kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na karanta da idona. Sashe na biyu, sakin layi na huɗu, ya hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata, ko ma yi mata barazana da shi. Sashe na hamsin da ɗaya ya bar ƙofa guda, in an kawo maka hari da makami kana iya kare kanka. To duk wutar nan ta wannan ƙofa ta shigo, kuma abin da ya buɗe ta gorar Kawu ce mai doron yatsa biyu.

Shi ma ya gane. Ran Talata da hantsi yana zaune yana kallon hayaƙin Ban Sida, ya ce, "Harsashi nawa suka faɗa can yau?"

"Ashirin da shida."

"Gidan Duangta na nan?"

"Ina hango rufinsa. Na kusa da shi ya tafi."

Ya miƙe. "In wutar nan a kan rokata aka kunna ta, sai a nuna musu rokar. Ni zan je."

"Kawu, harbe ka za su yi."

"Da hannuna na kashe mutum ashirin da uku ban sani ba. Kina so in zauna a rami in ga ta ashirin da huɗu ita ce 'yata?"

Ya ɗaura jan zanin marigayiyar matarsa, ya shafa farar hoda, ya goya kan macijin katako, ya rataya doguwar ganga. Ya ce soja ba ya zuwa yaƙi da zani, ko makaho zai gane. Na shiga ƙarƙashin gidansa na lalubo gindin gorar nan da ya yanke, na ɗora littafina a ka na ɗaure da ɗankwali.

"Ina za ki?"

"Ka iya karatu ne? Wa zai nuna musu littafin?"

Muka bi hanyar ɓauna ta ƙasan gari, inda sojojinmu ba su tsare ba. Rana tsaka muka shiga ruwa. Faɗin kogin a wurin taku ɗari da casa'in ne, ruwa iya ƙugu. Yana gaba yana kaɗa kiɗan biki da dukan ƙarfinsa, ina baya ina ƙirgawa don kada ƙafafuna su ƙi tafiya. A taku na sittin harsasai suka fara tsinke ruwa a gefenmu. A na ɗari da goma ya yi wani irin nishi ya durƙusa, ruwan da ke kewaye da shi ya yi ja. Ta gefen ƙugu harsashi ya shige shi, har yau ban san daga wace gaɓa aka harbo ba. Na cusa kafaɗata a hammatarsa. Bai daina kiɗa ba. Hannu ɗaya ya riƙe wuyana, ɗayan yana dukan fata.

Muna taka yashi sojoji huɗu suka yi kanmu. Ɗaya ya sa gindin bindiga ya fasa wa Kawu baki, haƙora biyu suka zubo. Wani ya taka mini wuya, yashi ya cika mini hanci. Ina jin ƙarfen bindiga a bayan kunnena sai wata murya ta daka tsawa da harshenmu. Wani saje ne mai furfura. Ya juya kan macijin da ƙafa, ya dubi zanin, ya dubi gangar.

"Baba, bikin roka kuka yi?"

"Ranar Lahadi, ɗana."

Sajen ya dafe kai. Ashe ɗan wani ƙauye ne na saman kogi, jiya-jiya aka turo shi. Ya sa aka kai mu gaban laftanan da ke riƙe da sansanin. Yaro ne, bai fi shekara ashirin da huɗu ba, idanunsa jawur don rashin barci. Saje yana fassara. Laftanan ya ce ƙarya ne, da kunnensa ya ji makamin ya fashe a bayan sansani, ya ga wuta ta tashi.

Kawu ya tofar da jini ya ce, "Ranka ya daɗe, ka je ka ga abin da ya faɗo?"

Laftanan ya ce a'a.

"Wani ya je?"

Ba wanda ya je. Suna jin fashewar suka faɗa ramuka, ya buga waya sama, sama ta ba da izini.

Aka ɗora Kawu a kan ƙyauren ƙofa, muka tafi. Daga bakin ramin laftanan na fara ƙirga. Muka wuce shingen waya, muka bi kunyar fadama, muka zaga wata bishiyar tsamiya. Taku ɗari huɗu da sha biyu. Ga tarin bambaron shinkafa ya ƙone ya zama toka, ga agwagi biyu matattu, ga fasasshen bututun ruwa irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwa, ga doguwar gora ta kafe a laka. A jikin bututun, da jan fenti, rabin sunan Duangta. Na miƙa wa Kawu gindin gorar. Ya ɗora shi a kan yankan, suka haɗu baki da baki, har tsagin da wuƙarsa ta yi. Na buɗe littafi na nuna shekara goma na rokoki, kowace da sunanta da daƙiƙoƙinta, har zuwa layin ƙarshe: arba'in da ɗaya.

Laftanan ya daɗe yana kallon agwagin nan. Sai ya juya ya yi amai a kunyar fadama. Ya goge baki ya ruga sansani da gudu. Ƙarfe biyu da minti arba'in igwoyinsu suka yi shiru.

Namu ba su yi ba, don ba wanda ya gaya musu. Saje ya ɗaura farar riga a sanda ya ba ni, ya ce, "Ƙanwata, saura naki." Na sake faɗawa kogi ni kaɗai. Kafin in haye, in hau tudu, in samu mai manyan taurari a kafaɗa ya yarda ya saurari mace jiƙaƙƙiya mai littafi, a buga waya, a jira amsa, harsashi talatin da bakwai suka ƙara tashi. Ina tsaye kusa da igwar ina ƙirga su. Na talatin da ɗaya na gani da idona ya sauka a kan rufin Duangta. Gidan ya buɗe kamar an fasa kabewa.

Washegari aka bari na ƙetara. Na tarar da Kawu kwance a makarantar Ban Sida, an naɗe masa ƙugu. A gefensa wata mace tana ba shi ruwan shinkafa da cokali. Na tsaya a ƙofa.

Duangta ta ce, "Yaya, shigo mana, kin tsaya kamar kin ga fatalwa."

Kwana biyu tana cikin ramin da ke ƙarƙashin gidanta. Ran Talata da rana ta jiyo ganga daga kogi. Ta ce duk duniya mutum ɗaya ne ke cin bugu na huɗu a wannan kiɗa, saboda yatsun da babu. Ta fito daga ramin, maƙwabta suna ja tana fizgewa, ta nufi bakin ruwa neman ubanta. Tana sansanin soja tana yi musu ihu lokacin da gidan ya tashi.

Mutum sittin da uku suka mutu a kwana ukun nan, arba'in da ɗaya namu, ashirin da biyu nasu. Ina da sunayensu duka. Bayan mako biyu manya suka zauna a wani babban otal suka sa hannu a takarda, kowane ɓangare ya ce ya yi amfani da haƙƙinsa na kare kai. Ba a ambaci gora ba. Da Kawu ya dawo gida aka tsare shi wata huɗu saboda ƙetare iyaka ba izini. Tsibirin kuwa damina ta zo ta shanye shi, kamar kowace shekara.

Ya ƙara shekara tara a duniya, yana ɗingishi da sanda. Bai sake taɓa albarushi ba. Amma kowace shekara, saura kwana uku biki, sai ya cika kwando da shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi, ya hau kwalekwale zuwa sansanin ƙetare, ya nemi ko wane ne sabon shugaba, ya ce masa, "Ɗana, gata za mu yi harbi. Na sama ne, ba naku ba. In wata ta ɓata hanya, don girman iyayenka ka je ka duba tukuna." Daga nan ya wuce sansaninmu ya faɗi haka. Tun da ya rasu ni ke kai kwandon. Bana karo na sha huɗu ke nan.

Duk zuwan da na yi, in sun bar ni, nakan taka daga bakin ramin nan zuwa inda tarin bambaron yake. Zuwa da dawowa, da tsayawa a duba, ban taɓa cin minti goma ba. Su kuwa sha ɗaya suka samu.

Don haka ga roƙona. Gobe da safe ka fita ƙofar gidanka da agogo a hannu, ka taka ɗari huɗu da sha biyu, ka dubi abin da ke gabanka da kyau, ka juyo. Gwada ka gani ko za ka cinye minti sha ɗaya.